Tambayar Kasuwa da Hirar Zaure: Wacce Ta Fi Fito da Zuciyar Mutanen Bauchi?

Mai son shirya fim ɗin gaskiya kan jin daɗin rayuwa a Bauchi yana da hanya biyu. Ta farko, ya ɗauki kyamara ya shiga kasuwar Wunti ko Muda Lawal, ya tari duk wanda ya gani ya ce, "Malam, kana jin daɗin rayuwa?" Haka Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim da ya daɗe yana aiki a Nijar, ya yi tare da Edgar Morin, masanin zamantakewa, a titunan Paris a 1960. Hanyar tana da sauri da araha, a yini guda an samu fuskoki barkatai.

Sai dai a Bauchi amsar kusan ɗaya ce: "Alhamdulillahi." Mutumin kirki ba ya tona cikinsa a gaban jama'a, balle maƙwabcin rumfarsa na saurare. Matan da ke cikin gida kuwa, kyamarar titi ba ta kai gare su.

Hanya ta biyu ita ce zama da mutum ɗaya, ana komawa wurinsa har ya saba. Tana cin lokaci da kuɗin mota, ga neman izinin maigida, kuma shiga cikin gida sai da mace mai ɗaukar hoto. Amma a nan ne dattijon da ya yi ritaya zai faɗi yadda jiran fansho ke hana shi barci, mai ƙosai ta faɗi daɗin da ta ji ranar saukar ɗanta. Ni wannan na fi so, ko da mutum uku kawai fim ɗin zai ƙunsa.