Hattara 'yan sahu: kar ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba

Jama'a assalamu alaikum, dan Allah duk mai ƙani ko ɗa da ke shirin karɓar adaidaita sahu irin wanda ake biya duk sati har a mallaka, ya tura masa wannan. Akwai masu tsoron Allah a harkar, amma wallahi akwai waɗanda takardar yarjejeniyar ita ce tarkonsu.

Za ka kai kafin alƙalami, ka kawo garanto, sai a fito da takarda shafi huɗu ko biyar duk da turanci a buɗe maka na ƙarshe kawai a ce sa hannu nan, dangwala nan, kai kuma hankalinka na kan sabon keke ko ledar kujera ba a cire ba. Ka nemi kwafinka a ce oga bai sa hannu ba ka dawo gobe, goben da ba ta zuwa. Kuɗin sati kuma yaron ofis ne ke karɓa a hannu yana rubutawa a littafinsu, kai ko rasit babu. Haka za ka yi ta fama rana da ruwa har ka kusa gamawa, ranar da inji ya buga ko zazzaɓi ya kwantar da kai sati ɗaya ya wuce, sai yaransu su tare ka a titi da fasinja a ciki su zare makulli. Ka je ofis a nuno maka shafi na biyu da ba ka taɓa gani ba, wai duk wanda ya yi fashin biya abin da ya zuba a baya ya zama kuɗin haya. A wanke keken a miƙa wa wani bawan Allah.

To ku sani doka ba ta bar ku haka ba. Akwai dokar haya da saye ta 1965, ta ce dole takardar ta nuna farashin abin hawan in da lakadan za a saya, da jimillar da za ka biya, da nawa ne kowane zubi da ranarsa, kuma dole a ba ka kwafi. Sannan in ka biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin, mai keke ba shi da ikon ƙwace shi ya cinye sai ta hanyar kotu. Wanda bai iya karatu ba kuma, wata dokar ta daban ta ce marubucin takardar sai ya karanta masa ya fassara, ya rubuta sunansa da adireshinsa a jiki.

Mu da muke Musulmi ma ai an riga an faɗa mana, aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma wanda ake bi shi ne zai faɗi abin da za a rubuta. Ya za a yi kai da bashin ke wuyanka a hana ka ko karantawa?

Dan haka ka ce a ba ka takardar ka kai wa lauya ko wani naka mai ilimi kafin ka ba da ko sisi, in suka ƙi ka kama gabanka. Ka sa hannu a kowane shafi ba na ƙarshe kaɗai ba, haka shaidunka, kar a bar gurbi fanko a ce za a cike daga baya. A rubuta lambar inji da ta bodi, a rubuta me zai faru in ka makara da biya. Kuɗi ta tiransifa zuwa asusun da ke cikin takardar, ka adana alat ɗin.

Wanda aka riga aka ƙwace wa nasa kuma kar ya tara abokai a je rigima, ya tattara alat da rasit da garantonsa ya nufi ofishin Legal Aid Council na jiharsu, an kafa shi ne dan marasa ƙarfin ɗaukar lauya.