Shagon gyaran kwamfutar da ya ƙi sayar mini da maganin bairos

Ni malamin makaranta ne, kuma tambayoyin jarabawa da sakamakon ɗalibaina duk suna cikin wata tsohuwar kwamfutar HP da ta shekara 6 a hannuna. Wata Talata da daddare ina neman littafi a intanet, sai allon ya cika da jan rubutu, ga ƙara kamar jiniya. Wai bairos ya shiga, Microsoft ta kulle na'urar, in kira lambar da ke ƙasa. Na kira. Wanda ya ɗauka, cikin Turanci mai taushi, ya sa na buɗe wani sashe na Windows mai suna Event Viewer, na ga alamomi ja da rawaya birjik, ya ce duk ɓarna ce. Sai ya ce in sauke wata manhaja mai suna AnyDesk in karanto masa lambar da za ta fito. Na sauke. Ban kai ga karantawa ba katina ya ƙare, don lambar wayar da na kira ta Amurka ce. Allah ne ya tsare.

Washegari na nufi kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano, shagon wani matashi da abokin aikina ya yi mini kwatance. Na shiga da niyyar biyan ko nawa ne.

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne yadda ya karɓe ni. Da ya gama saurare, sai ya juyo mini da tasa kwamfutar, ya buɗe Event Viewer ɗin. Ja da rawayan nan suna nan, har sun fi nawa yawa. "Malam, kowace Windows haka take," in ji shi. "Littafin da na'ura ke rubuta ƙananan kurakuranta ne, ba ciwo ba ne." Jan allon kuwa shafin intanet ne kawai da ya mamaye fuska. Ya nuna mini a danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki ya fito, a rufe burauzar daga nan, shi ke nan. Ya ƙara da cewa saƙon gargaɗi na gaskiya daga Microsoft ba ya zuwa da lambar waya, kuma kamfanin ba ya kiran mutum haka kawai ya ce ya hango masa bairos.

AnyDesk, ya ce, manhaja ce ta halal, shi ma yana aiki da ita. Amma da na ba da lambar na kuma amince, da mutumin ya riƙa juya kwamfutata daga inda yake kamar yana zaune a ɗakina. Ya cire ta, ya bincika na'urar da Windows Security da ke cikinta tun asali, bai sami komai ba. Na ce ya sa mini maganin bairos na kuɗi, ya ce ba na buƙata. Kwalayensu na jere a bayansa, amma bai miƙa hannu ba.

Sannan ya nemi mu duba imel ɗina tare, ni ke riƙe da linzamin. Muka tarar da wani saƙo da sunan Norton, wani maganin bairos na kuɗi, wai an sabunta mini rajista za a cire daloli, in kira idan ban yarda ba. Ban taɓa sayen Norton ba. Ya ce in dubi adireshin mai aikowa: wasu haruffa ne barkatai da suka ƙare da gmail.com. Ya ce dangin masu kiran nan ne da ke cewa daga banki suke, a ba su OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya da banki ke turowa. Muka canza kalmar sirri, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga.

Shagon ƙarami ne ƙwarai, kujerar baƙo ɗaya ce, ga hayaniyar janareta, kuma na yi kusan awa ɗaya a tsaye kafin layi ya zo kaina. Ba ya ba da rasit sai ka tambaya, wannan ya kamata ya gyara. Naira 3,000 ya karɓa. Mai zuwa ya je da safe kafin kasuwa ta cika, ya tafi da cajarsa.