Osbon da Balmoral: gidaje biyu na Sarauniya Biktoriya

Ɗan'uwa, ka tambayi bambancin ginin Osbon da na Balmoral, tun da duka gidajen hutu ne da Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat suka gina nesa da Landan. Albat yana da hannu a tsarin kowanne, amma kamanninsu sun yi hannun riga.

An gina Osbon a tsibirin Wait da ke kudancin Ingila tsakanin 1845 da 1851, kuma magini Thomas Cubitt ne ya riƙe aikin. Tekun da gidan yake kallo ya tuna wa Albat gaɓar birnin Nafuli na Italiya, shi ya sa aka ɗauko salon Italiya: dogayen hasumiyoyi biyu masu kusurwa huɗu, da baranda, da lambu hawa-hawa mai gangarawa wajen ruwa. Wanda ya hango bangon daga nesa zai rantse dutse ne, alhali jan bulo ne aka shafe da siminti aka yi masa launin dutse.

Balmoral kuwa yana bakin kogin Di a Sikotlan. An sayi wurin a 1852, William Smith na Abadin ya zana ginin, aka kammala a 1856 da dutse na gaske da aka fasa a yankin. Salonsa na gidajen tsoffin sarakunan yaƙin ƙasar ne, babbar hasumiya ɗaya da ƙanana masu tsini a kusurwoyi, kamar zankwaye a kan soro. Sai dai duk ado ne, domin wanda yake tsoron hari ba ya buɗe manyan tagogi irin na Balmoral.

A ganina Balmoral ya fi dacewa da muhallinsa, domin salon da aka ƙirƙira saboda zafin ranar Italiya baƙo ne a ƙasar hazo da ruwan sama. Amma idan aka shiga ciki, Osbon ya fi abin kallo, musamman zauren Darba da aka ƙara a 1890 zuwa 1891, wanda Bhai Ram Singh, gwani daga Fanjab, ya ƙawata bangonsa da silinsa da zanen Indiya, har da dawisu a saman murhu.

Osbon ne ya fi sauƙin ziyarta. A nan Biktoriya ta rasu a 1901, ɗanta Edward na Bakwai ya ba ƙasa gidan a 1902, yayin da Balmoral har yau mallakar iyalin sarki ne.