Gwent na cikin The Witcher 3: kartar da ta sa na bar Ciri tana jira

The Witcher 3 labarin Geralt ne, maharbin dodanni mai farin gashi da ke bin sawun ƴar riƙonsa Ciri daga ƙasa zuwa ƙasa. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar da shi a watan Mayun 2015, ni kuwa sai bara na sami faifansa na hannu na PS4 wajen wani mai shago a babbar kasuwar Maradi, wanda aka haɗa da ƙarin labaran nan biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine. An yi ta magana a kan takobi da sihirin da ke cikinsa. Nawa sharhin a kan wasan kartar da aka dasa a ciki ne, Gwent, wanda mutanen waccan duniyar ta ƙage ke bugawa a masauki da shago da fadar sarki, daga maƙeri har kwamandan yaƙi.

Tun a ƙauyen farko, White Orchard, wani malami da ke zaune a masauki zai kira ka ya koya maka. Da yawa sukan wuce shi don suna ɗokin faɗa, kuma ban ga laifinsu ba, bayanin nasa a dunƙule yake. Ga yadda abin yake a taƙaice. Kana haɗa tarin katinka da aƙalla katin mayaƙa 22, da katuna na musamman da ba su wuce 10 ba. A farkon wasa a ba ka 10 a hannu, kana da damar musanya biyu. Filin kowa sahu uku ne: masu takobi a gaba, ƴan baka a tsakiya, injinan jifa a baya. Kowane kati da lambar ƙarfinsa, wanda jimillarsa ta fi yawa shi ya ci zagayen, wanda ya ci zagaye biyu shi ya ci wasa.

Inda daɗin yake shi ne, katunan nan 10 su ne guzurinka har ƙarshe. Ba a sake rabawa bayan zagaye. Abin da ka ajiye a fili a zagayen farko ya tafi maƙabarta, ko ka ci ko an ci ka. Saboda haka gwanintar Gwent ta fi yawa a sanin lokacin da za ka janye hannu ka bar abokin karawa ya ci zagaye. Ka jefa masa ƙananan katuna biyu ko uku, shi kuma ya zaƙe ya zubo manyansa, sai ka ce ka tsaya. Ya ci na farko da tsada, ya shiga na biyu hannunsa ya yi sauƙi, kai naka cike. Duk ɗan Maradin da ya ga yadda ƴan kasuwa ke tara wake a sito lokacin kaka suna jiran bazara ya san wannan lissafin. Na daɗe ban ga wasan karta da ya sa faɗuwa da gangan ta zama dabara haka ba, kuma wannan kaɗai ya isa in ce a gwada shi.

Sai katunan yanayi. Sanyi mai tsanani yana mayar da duk masu takobi ƙarfi 1, hazo yana yi wa ƴan baka haka, ruwan sama kuma injinan jifa, kuma ɓangarorin biyu abin ke shafa, ba ruwansa da wanda ya jefa. Akwai ƙaho da ke ninka ƙarfin sahu guda, akwai katin gobara da ke ƙone mafi ƙarfi a fili ko da naka ne. Jarumai irin su Geralt da Ciri, masu ƙarfi 15 kowanne, babu abin da ke taɓa su, ƙaho ma ba ya ƙara musu. Rundunoni huɗu ne a asali, kowace da baiwarta: Masarautun Arewa suna jan ƙarin kati in sun ci zagaye, Nilfgaard ke cin kunnen doki, Scoia'tael ke zaɓen wanda zai fara, Dodanni kuma ana bar musu mayaƙi ɗaya a fili bayan kowane zagaye. Blood and Wine na 2016 ya ƙaro Skellige, waɗanda matattunsu biyu ke dawowa a zagaye na uku.

Babban aibinsa ƴan leƙen asiri ne. Katin ɗan leƙen asiri a filin abokin karawa ake ajiye shi, ƙarfinsa ya shiga lissafinsa, kai kuma ka ja sabbin katuna biyu. A wasan da kowa ke da 10, wanda ya mayar da nasa 16 ai ya gama magana. Katin Thaler ƙarfinsa 1 ne kacal, Dijkstra 4, Stennis 5, ga wani na Avallac'h mai sifili da ake ci a hannun wani Gremist a tsibiran Skellige. Da zarar ka tara waɗannan a rundunar Arewa, ka haɗa da katin mutum-mutumi da ke ɗauke ɗan leƙen asirin da aka jefo maka ka mayar wa mai shi, to kwamfuta ta zama abin tausayi. Tun kafin in kai rabin labarin na daina jin tsoron kowa. Akwai wurin ƙara wahalar Gwent a cikin saituna, na ƙara, ya ɗan taimaka, amma kwamfutar ba ta daina zubar da manyan katunanta a zagayen da ta riga ta ci ba. Scoia'tael kuwa har na gama ban ga dalilin ɗaukarsu ba.

To me ya sa ban gaji ba? Saboda katunan a warwatse suke cikin duniyar, sai ka taka ka same su. Wasu masu masauki ke sayarwa, wasu sai ka doke mai su. Dijkstra a hannun Baron na Velen yake, mutumin da matarsa da ƴarsa suka gudu suka bar shi, kuma kana iya ce masa ku buga karta a tsakiyar wannan baƙin cikin, ya amince. Katin Yennefer, masoyiyar Geralt, yana wajen wani mai masauki a Oxenfurt. Na Geralt kansa sai ka doke tsohon abokinsa Thaler. Kowane kati da ke hannuna na san garin da na samo shi da wanda na ci. Har tsibiran da babu abin da labarin ya aike ni yi na shiga jirgin ruwa na je, don an ce akwai maƙerin da ban buga da shi ba. Abin yana da ban dariya in ka tsaya ka duba: yarinya na cikin haɗari, rundunar fatalwa na bin ta, uban riƙonta na zaune yana roƙon mai sayar da ganyen magani su yi hannu ɗaya.

Na taɓa buga Triple Triad na Final Fantasy VIII, na 1999, mai gidaje tara da kati biyar-biyar. Can in an ci ka ana ƙwace maka kati, shi ya sa gabanka ke faɗuwa. A Gwent ƴan kuɗin cikin wasa kawai kake asara, sai fa gasar Novigrad da ake shiga da kuɗi 1,000, wadda faɗuwa ɗaya ke fitar da kai. Da an sa ƙwacen kati, da ya fi zafi.

Ga mu nan Maradi akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani. Ba ya buƙatar intanet, ba ka sayen forfe, ba ka sayen kati da kuɗin gaske. Wannan babban abu ne. Amma ba a adana wasa ana tsakiyar karta, in kuran ya tafi a zagaye na uku sai dai ka koma inda ka adana na ƙarshe, kuma a watannin zafi kun san yadda ake. Ka adana kafin ka zauna da kowane babban ɗan wasa. Akwai Faransanci, rubutu da murya, ƙaramin bayanin da ke kan kati kuwa yana wuyar karantuwa a ƙaramar tele. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum ɗaya ke bugawa. A fadarmu ta unguwar Zariya ana belot ana dara ana shayi, na so a ce zan miƙa wa aboki manet ta biyu mu kara, babu hanya. Sai dai su zauna a bayana suna ihu in jefa gobara.

Wani daga cikinsu ya tayar da maganar caca, kuma ban raina tambayar ba. Ana sa kuɗi kafin a fara, ko da yake kuɗin ƙarya ne da ba ya fita daga na'ura. Witcher na farko da na biyu, na 2007 da 2011, wasan ƙwayar lido ne a cikinsu, sa'a zalla, Gwent ne ya maye gurbinsa. Orlog na Assassin's Creed Valhalla shi ma ƙwaya shida ake jefawa, har da neman tagomashin su Thor, ni shi ne na ajiye ban ci gaba ba. Hukunci na malamai ne, kuma ana iya gama The Witcher 3 ba a zama ɗan karta ba. Abin da zan faɗa da ƙarfi shi ne wasan na ƴan shekara 18 zuwa sama ne, akwai jini da tsiraici da giya, ita gasar Novigrad ma a gidan karuwai ake yin ta. Kada a saya wa yaro don an ji na yabi kartar.

Na sauke Gwent mai zaman kansa a waya, wanda ya fito a 2018 ya iso Android a 2020. Zanensa ya fi kyau, da mutane na gaske kake karawa, amma sahu biyu ne, dokokin sun sauya, yana cin forfe, kuma kamfanin ya daina ƙaro sabbin katuna daga ƙarshen 2023. Kati a can daga gangar katuna da kake buɗewa yake fitowa, ba ka san kowa a bayansa ba. Na goge shi.

Wanda ke son tara katunan duka ya kula da liyafar rufe fuska ta gidan Vegelbud, wadda ake zuwa da Triss, matsafiya ƙawar Geralt. Akwai ƴan wasa uku a farfajiyar, katunan Milva da Dandelion na cikin abin da ake ci a hannunsu, kuma in ka fita daga liyafar ba ka buga ba, ba a sake buɗe ta.