Na'urar gano kifi da na sayo ma Kawu, mako uku ta yi

Jama'a salamu alaikum. Wannan ƴar na'urar gano kifi da ake ta talla, mai ƙwallo da ake jefawa cikin ruwa da ɗan allo a hannu, na saye ta nan babbar kasuwar Maradi wajen masu kayan lantarki. Kawuna masunci ne a tabkin Madarunfa, shekara da shekaru itacen da ke kwance ƙarƙashin ruwa na yaga mishi taru, shi ya sa na ce bari mu gwada.

Ni kuma dama na daɗe ina bin labarin jiragen ƙarƙashin teku na bincike. Akwai wani na sojan ruwan Amurka, sunanshi Dolphin, ya fara aiki 1968 sai 2007 anka aje shi, yanzu yana gidan tarihi a San Diego. Yana nutsewa fiye da mita 900, aikinshi ke nan a ɗaura mishi sabuwar na'ura ya kai ta can ƙasa a gani ko za ta jure, har aika saƙo tsakaninshi da jirgin sama da hasken leza an gwada. To irin ilimin jiragen nan ne cikin ƴar ƙwallon nan, ana ce mishi sona, tana aika ƙara cikin ruwa, ƙarar na gudun kusan mita 1500 a daƙiƙa, ta bugi ƙasa ko kifi ta dawo, daga lokacin da ta ɗauka sai a lissafa zurhi.

Ran da munka shiga kwale-kwale da sassafe Kawu ko kallonta bai yi ba, ya ce ɗana ni gorata ta ishe ni. Na jefa ƙwallon, allo ya nuna mita 2, ya caka gora ya jawo ya auna da kamu, daidai! Munka ƙara gaba, mita 3 da ɗan wani abu, nan ma daidai. Sai can muna cikin tahiya allon ya zabura daga 3 ya koma 1 da rabi ya sake faɗawa, na ce Kawu tsaya akwai abu nan, ya ce babu, nan shimfiɗe yake tun ina yaro. Munka juya munka sake bi ta kai, haka dai. Ya lalluba da gora, wallahi sai ga shi ta bugi ƙaton kututture, daidai wurin da tarunshi ya maƙale bara har ya yanke shi ya baro rabi. Ya yi shiru ya daɗe, sa'annan ya ce ba ni in riƙa da kaina. Daɗin da na ji ran nan Allah kaɗai ya sani.

Batun kifin kuwa kar ku sa rai sosai, ciyawa ma hoton kifi take zana mata, tarwaɗar da ke kwance cikin laka ba ta ganinta.

Amma abin da ke ci mini rai, mako uku cif ruwa ya shiga cikin ƙwallon. Abin da anka yi don ya zauna bisa ruwa! A jikin kwalin an rubuta ruwa ba ya shiga. Kowane mita 10 na zurhi nauyin kilo ɗaya yake ƙarawa bisa wurin da bai wuce faɗin farce ba, a mita 900 kusan kilo 90 ke nan, mutane sunka shiga jirgin Dolphin sunka kai rayukansu can don kar a ba matuƙan jirage kayan da ba a gwada ba, wannan kuwa yawo kawai take saman tabki amma robar murfin batir ta saki. Da an tsoma ta cikin bokiti kwana biyu kafin a sa ta kasuwa da an gani.

Na koma wajen mai shago na ce Alhaji ga kayanka, ya ce abin da ya taɓa ruwa ba ya komowa. Na ce to Alhaji dama a tudu za a nemi kifin? Ya kau da kai. Da na yi niyyar in ce kowane masunci ya saya, yanzu kam sai dai in ce in ka saya ka naɗe bakin murfin da robar tayar moto tun ranar farko. Tamu na buɗe ta na shanya, allon na kamawa amma ƙwallon shiru, Kawu kuma sau biyu ke nan yana aikowa ana tambayata. Wanda ya san mai gyaran irinta nan Maradi ko Katsina don Allah ya sanar da ni kafin ruwa ya ja baya.