Jincheng, Boxer ko roba-roba: wanne zai fi sauƙin tsallake duban VIO?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka na babur na hannu ne, dillali ya nuna maka uku: tsohuwar Jincheng mai hayaƙi, da Boxer, da roba-roba, wato ƙaramin babur ɗin nan mai murafen roba. Kana zirga-zirga kullum daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai a cikin Kano, kuma ba ka son wanda zai riƙa ba ka kunya duk ranar sabunta takardu ko idan an tsayar da kai a hanya. Na hau ukun duka, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Abin da jami'in VIO, wato mai duba lafiyar ababen hawa, yake dubawa a jikin babur ba ɓoyayye ba ne: birki gaba da baya, fitila, sigina, wutar birki, ham, madubi, lafiyar taya, hayaƙi, sai lambar inji da ta shasi su dace da abin da ke takarda. A titi kuma ga KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, ga 'yan Rod Sefti da tun farkon 2009 suka wajabta hular kwano. Da wannan ma'aunin za mu auna su.

Jincheng ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Irin AX100 ɗin nan kwaikwayon Suzuki ce, injinta mai bugu biyu, wato yana ƙona baƙin mai tare da fetur. Hayaƙi a jininta yake. Idan ta tsufa, ringi ya ci, salansa ta cika da ƙauri, sai ka ga shuɗin hayaƙi ya lulluɓe na bayanka a danja. Canza ringi da fistin da ƙone salansa suna rage shi, ba sa kashe shi. Gyaranta ba wuya, kowane bakanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, amma tana shan mai, kuma a kuɗin fetur na yanzu wannan kaɗai ya isa. Ni dai na cire ta.

Gardamar gaske tsakanin Boxer da roba-roba take, domin dukkansu injin bugu huɗu gare su, ba sa hayaƙi sai in injin ya gaji.

Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ce, kuma ƙarfe ce zalla. Tankinta a waje, injinta a fili, babu abin da ya ɓuya. Abubuwan da suke faɗuwa a dubawa a jikinta yawanci na sakaci ne. Da yake da ƙafa ake tayar da ita, mai ita sai ya bar batir ya mutu shekara guda bai damu ba, sigina da ham su bi shi. Madubi kuwa tun ranar farko ake kwance shi, wai yana hana kurɗawa. Waɗannan duk aikin yini ɗaya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne tarihinta. Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, saboda haka Boxer na hannu da yawa daga ƙauyuka da jihohin maƙwabta ake kawo su, bayan sun yi shekaru suna ɗaukar mutum uku da buhun masara. Irin wannan za ka tarar shok ɗinta na baya ya zauna, sifok sun saki, ƙafar baya tana rawa, wani lokacin ma shasin ya karkace an gasa an miƙe. Ka tsaya bayanta ka sa wani ya tuƙa ta a miƙe. In tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, ka yi wa dillali godiya ka wuce, don wannan ba ya gyaruwa da arha.

Roba-roba, irin su Lifan da Haojue masu inji 110cc, injinsu daga tsarin Honda Cub aka ɗauko shi, ba kulocin hannu, ga sauƙin mai. Galibi hawan gida ne: malamin makaranta, ɗan kasuwar Kwari, ma'aikaci. Ba su sha lodi ba, shi ya sa ƙashinsu yake zuwa da lafiya. Ciwonsu a ƙarƙashin robar yake. Rana da gargada suna farfasa murafen, kunnuwan da ake ɗaure su su karye, fitila ta koma kallon sama, sigina na reto da salatif. Wayoyi kuma duk a ɓoye, ba ka ganin ɓarnar da masu gyara suka yi.

Na taɓa riƙe wata tsohuwar roba-roba da na saya tana ƙyalli. Ana jibi zan je sabunta takardu na lura wutar birki ba ta kamawa. Bakanikena, a gindin darbejiyarsa, ya kwance murfin gaba, sai ga wayoyi kamar taliya, an yayyanke an haɗa da leda, wani wurin ma da zaren buhu. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ai an yi mata kaciya sau uku." Ƙaramin makunnin da ke jikin birkin ƙafa shi ma tsatsa ta cinye shi tun damina. Kayan ba su yi tsada ba, amma na yini a kan benci daga hantsi har la'asar.

In kuwa sikuta ce mai ƙananan tayoyi da bel a maimakon kaca, ka ƙara tunani. Ramukan unguwanninmu da ruwan Agusta suna saurin cinye mata boris da shok, kuma ba kowane shago ne yake da bel ɗinta ba.

To wanne? Don tafiyarka, kai kaɗai a kan kwalta, ni roba-roba da mutum ɗaya ya riƙe zan ɗauka a kan Boxer da ban san inda ta fito ba, domin laifinta na waya da roba ne, na Boxer kuwa yana iya zama na ƙashi. Amma in ka samu Boxer a hannun wanda ka sani, wadda ba ta yi haya ba, ita ce za ta fi daɗewa tana tsallake dubawa ba tare da ta tambaye ka komai ba sai batir da takalmin birki.

Kowacce ka zaɓa, kada ka ba da ko sisi sai ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. Ku je da sassafe injin yana sanyi, don mai hayaƙi a lokacin yake tona kansa. Ka jiƙa tsumma da fetur ka goge wurin lambar inji da ta shasi, ka karanta harafi-harafi da takardar a hannunka. In ka ga alamar guga ko lambobi ba su jeru daidai ba, bar ta ko da kyauta ce. Sannan a rubuta takardar ciniki da shaidu, a haɗo maka da rasit na asali.