Giyar ZF 8HP45 bayan na ƙara wa BMW 335i ƙarfi: yadda take jure zafin Katsina

Giyar tana ɗauka. Amsar da nake ba duk wanda ya tambaye ni ko otomatik ɗin 335i za ta jure ƙarin ƙarfin inji ke nan. Sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi tsauri a Katsina fiye da Jamus inda aka tsara ta.

Motata BMW 335i ce, samfurin F30, ƙirar 2013, 'yar Kwatano, mai injin N55, silinda shida da turbo ɗaya. Daga kamfani tana ba da ƙarfin doki kusan 300 da ƙarfin murɗawa 400 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa). Giyar da ke bayan injin ta kamfanin ZF ce, 8HP45, mai hawa takwas, kuma 450 Nm aka ƙayyade mata. Tazarar ba ta da yawa tun asali. Da na ɗora wa injin manhajar MHD, mai ƙara wa inji ƙarfi, a mataki na ɗaya, ƙarfin murɗawar ya haura 500. A takarda dai na tsallake iyaka, kuma na yi hakan ina sane.

Masu son gudu ƙarfin doki suke kirari da shi a majalisa, amma giya ba ruwanta da wannan lissafi. Abin da ke cin ta shi ne murɗawar da inji ke sauke mata lokaci guda, musamman daga ƙasa, inda turbo ke cika tun inji bai kai juyi 2,000 ba. A cikin 8HP akwai saitin haƙora huɗu da maɗauri biyar, kuloci uku da birki biyu, kuma a kowane hawa uku ne ke kame, biyu a sake. Matsin mai ne ke danne faiba, wato faya-fayan da ke cikin maɗauran, su riƙe. Idan ƙarfin da ya shigo ya fi matsin, faiba za su yi santsi na ƙiftawar ido. Ba za ka ji ba da farko. Santsin ya zama zafi, zafin ya dafa mai, man da ya dahu ya rage riƙo, sai santsin ya ƙaru. Ran da ka ga allurar juyi ta yi tsalle mota ba ta ƙara gudu ba, aikin gama ya riga ya gama.

Shi ya sa ban bar giyar da tsarin kamfani ba, na sa mata xHP. Manhaja ce da ake ɗorawa a kwamfutar giya ta waya da ɗan adafta a ramin OBD, inda ake jona na'urar sikan. Tana ƙara matsin mai, tana ɗaga iyakar ƙarfin da giya ke yarda ya wuce, tana kuma gaggauta canji. Bambancin a fili yake. Kafin nan, in na take totur sosai ina jin motar tana ɗan ja da baya wajen shiga na uku da na huɗu, saboda giya ce ke umartar inji ya sassauta. Yanzu canjin kai tsaye ne, tas. A cunkoson Ƙofar Ƙaura kuwa, inda ake tafiya taku-taku tsakanin 'yan Keke Napep, na bar ta a yanayin tuƙi na yau da kullum, don a yanayin Sport tana ɗan zabura daga na biyu zuwa na ɗaya, kuma uwargida ba ta yi shiru a kan haka ba.

Amma maganar mai ta fi manhaja muhimmanci, kuma nan ne ake asarar giya a garin nan. BMW na cewa man giyar na har abada ne. ZF da suka ƙera ta sun taɓa ba da shawarar a canza shi tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara takwas, musamman ga motar da ke shan wahala. Motar da ta yi rabin rayuwarta a Amurka, ta hau jirgi, ta zo ta zauna a ranar Afrilu ta Katsina, sannan aka ƙara mata ƙarfi, ai ba a tambayar ko tana shan wahala. Man da ya dace shi ne LifeguardFluid 8, mai launin kore-kore. A wani shago an miƙo mini jan man giya a galan, aka ce "Alhaji, ai duk ATF ɗaya ne." ATF, wato man giyar otomatik, ba ɗaya ba ne. Daga Legas na sa aka aiko mini da na ainihi tare da sabon kwanon ƙasa, domin filtar a jikin kwanon take, na roba ne, ba a wanke shi a mayar.

Ranar juyen, bakanikena ya ce in kai motar tun da yamma ta kwana a garejin. Giyar ba ta da sandar auna mai. Ana cika ta ne ta wani rami a gefe, mota a daidaice, inji yana aiki, kuma dole zafin man ya kasance tsakanin digiri 30 da 50. A Katsina lokacin bazara iska kaɗai tana wuce 40, don haka da rana kafin ka gama zuba lita ɗaya ka fita daga ma'auni. Bayan sallar asuba muka fara. Ya kwance kwanon, tsohon man ya zubo ruwan ƙasa mai duhu, ya dangwala da yatsa ya shinshina.

"Yallaɓai, bai ƙone ba, amma ya gaji," in ji shi.

Ya nuna mini maganaɗisun da ke cikin kwanon, sun tara wani laushin toka-toka, babu ɓarɓashin ƙarfe ko ɗaya. Yaronsa na zaune a kujerar direba ƙafa a kan birki yana zagaya giya, shi kuma yana ƙasa da famfon hannu, ido ɗaya a kan na'urar sikan. Kusan lita shida ta sha kafin man ya fara ɗigowa ta ramin, ya ɗaure. Wanda zai yi maka wannan aiki ba tare da na'urar da ke nuna zafin mai ba, ka ɗauki motarka ka tafi.

A hanyar Daura ta Mashi na fi gwada ta, da tsakar rana, AC a kunne. In ana tafiya a natse zafin man giya yana zama a tsakanin 80 da 90 da wani abu. In na yi ta wuce tireloli a jere yana taɓa 100, sai in sassauta na 'yan mintuna ya sauko. Giyar da ruwan lagireto take sanyaya manta, saboda haka lagireton da ƙurar hunturu ta toshe ba inji kaɗai yake cuta ba. Ina sa a busa shi da iska duk bayan hunturu.

Akwai abubuwa biyu da na hana kaina. Ba na tashi da ita ta hanyar danne birki da totur tare, irin wanda samari ke yi a Ring Road da daddare don a ɗauke su a waya. Kuma ba na take ta har ƙasa tana hawa na bakwai ko na takwas da ƙaramin juyi. Sai in sauke ta da hannu zuwa na huɗu ko na biyar tukuna.

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma tawa ba ta kai nan ba. Abin da zan iya faɗa shi ne ta ga bazara ta ga damina da ƙarin ƙarfin, babu santsi, babu fitilar gargaɗi, kuma alƙaluman da kwamfutar giya ke ajiyewa kan lalacewar faiba ba su gusa da yawa ba. Abin da ban so ba shi ne kuɗin: mai da kwanon farashin dala suke bi, kuma kwanon roba ne a ƙasan mota, a garin da ake tayar da tudun rage gudu da bulo da siminti.

Kada mai wata mota ya ɗauki wannan ya kwafa, don kowace giya da iyakarta. Giyar otomatik ta DSG mai busasshen kuloci, DQ200, da ke cikin ƙananan Volkswagen, 250 Nm ne iyakarta. CVT kuwa, otomatik ɗin da ba ta da hawa-hawa, ba a ma fara maganar. Tsohuwar giyar Mercedes mai hawa biyar, 722.6, ita ce mai ƙashi, babbar cikinsu an ƙayyade mata 580 Nm.

Bakanikena ya sha yi mini tayin mataki na biyu, a canza bututun salansa da intakula, mai sanyaya iskar turbo. Na ƙi. Fetur ɗin da muke sha a gidajen mai ba shi da tabbas, kuma in an kai wannan mataki sai an fara neman giyar 8HP70 mai ɗaukar 700 Nm, Beljiyam, wadda ba wanda zai rantse maka da irin wahalar da ta sha kafin ta iso kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas.